A Duba Ƙirjina Kafin a Yankar Min Tikiti

Zuwa ga Alhaji Salisu,
Jami'in Walwalar Ma'aikata na kamfaninmu,
Ofishin Al Mirƙab, Doha.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka na nan da waɗanda suke Kumasi. Allah ya sa haka, amin.

Sunana Garba Tanimu, mutumin Tudun Wadan Zariya. Ina aikin feshi a sashen kula da ciyawar filayen ƙwallo, shekara ta shida ke nan. Ka san fuskata, ni ne sakataren ƙungiyar ƙwallonmu ta 'Yan Asuba.

Jiya Laraba foman ya tsayar da ni a bakin sito, ya ce in zo ofis ranar Lahadi, in taho da fasfona da katin zamana. Na tambaye shi ko lafiya, ya ɗaga kafaɗa ya ce a can zan ji. Da waɗannan kalmomin aka kira abokin aikina Issaka watanni kaɗan kafin gasar cin kofin duniya, kuma a satin ya bar ƙasar. Tun daga lokacin abinci ba ya yi min daɗi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Tsoron kada a mayar da ni gida da wani abu a ƙirjina wanda babu likitan da ya gaya min sunansa.

Na zo ofishinka sau biyu, aka ce ka fita. Na bar takarda a hannun mai gadi, ban san ko ta iso gare ka ba. Shi ya sa na sa wannan a zauren Hausawan Doha na waya, inda na san kana ciki, kuma inda 'yan uwa za su zama shaida. Na san hakan yana iya jawo min abin da nake gudu. Na rubuta na goge, na sake rubutawa, har na ga in ban aika ba Lahadi za ta zo ta same ni da bakina a rufe.

Sakandare kaɗai na yi, kuma ni ba likita ba ne. Ina da al'adar rubuta abin da ya faru da ni kowace rana tun ina saurayi, har matata Hajara takan ce da a ce biro abinci ne da na fi kowa ƙiba. Na koma na karanta abin da na rubuta a shekarun nan don kada in ɗora wa kowa abin da bai yi ba. Inda na tabbata zan ce na tabbata. Inda zato nake zan ce zato ne.

Na ɗaya: 'Yan Asuba.

Zan fara da ƙwallo domin a filin ƙwallo na fara ganin abin, kuma domin ka san ƙungiyar nan fiye da ni. Ga masu karatu da ba su san mu ba, 'Yan Asuba ƙungiya ce ta ma'aikata masu jin Hausa, 'yan Zangon Ghana da 'yan Najeriya. Muna buga wasa ranar Juma'a bayan sallar asuba, a wani fegi mai tsakuwa bayan masaukinmu, kafin rana ta yi zafi. Dattawanmu sun ba ni labari cewa direbobi ne da masu tura kaya a filin jirgi suka kafa ta, lokacin da takalma biyu ake ajiyewa a matsayin raga. Sun ce kai ne gola na farko, sa'ad da kake tuƙa bas, ba ka shiga ofis ba tukuna. Har yau akwai masu kiranka Danƙo idan ba ka kusa, wai ƙwallo in ta taɓa hannunka ba ta faɗuwa. Kai ka kawo jesi na farko daga Kumasi a cikin jakarka ta hutu, masu ruwan ɗorawa. Da 'yan Najeriya suka yi yawa sai aka yi ta rigima a kan launi, mu muna cewa kore, ku kuna cewa ruwan ɗorawa, har aka daidaita a kan riga taku wando namu. Kai ne kuma ka je ka zauna da Indiyawa masu buga kurket a fegin, aka raba: mu da safe, su bayan la'asar. Sulhun nan yana nan har yau.

Da na zo, na tarar 'yan sashen ciyawa su ne ƙarfin ƙungiyar. Ba abin mamaki ba ne, mutumin da yake wuni yana kai da kawowa a kan fili ba ya jin tsoron gudu. Mu uku ne 'yan feshi a cikin masu bugawa. Issaka, ɗan Kumasi, ɗan tsakiya ne, shi ne kuma ladanin masallacin masauki. Mudi, ɗan Sakkwato, shi ne ɗan gabanmu, ya fi kowa gudu. Sai ni a baya, ban iya ƙwallo sosai ba amma ba na gajiya. Issaka yakan ce, "Sakatare, kai dai ba ka da ƙafa, huhu gare ka. Ka yi ta bin mutum har ya roƙe ka don Allah." Ina so ka riƙe wannan maganar.

Na biyu: takunkumi.

Kafin korona, duk wanda zai yi feshi ana ba shi takunkumin roba, mai gwangwani biyu a gefe da 'yar ƙofa a tsakiya inda numfashi yake fita. Mukan kira shi bakin jaki. Yana da nauyi, yana tara gumi, ba mai son sa, amma idan ka sa shi ba ka jin warin magani ko kaɗan.

Da cutar ta zo aka kafa doka cewa kowa sai ya sa takunkumi, kuma aka hana mai ƙofa, domin an ce yana fitar da numfashin mutum ga na kusa da shi. Dokar ta ƙasa ce, kuma ban ce ba ta da dalili ba. Amma a sitonmu sai aka ɗauke ta a kan kowa da kowa. Mai sito ya tattara bakin jakin duka ya kulle a kabad, ya miƙo mana shuɗin nan na takarda mai igiya a kunne. Issaka ya ce masa, mu fa feshi za mu yi. Mai sito ya nuna masa sanarwar da ke manne a ƙofa, ya ce, "Takunkumi takunkumi ne, khalas, magana ta ƙare. Wannan likitoci ma suke sawa." Muka karɓa, domin gaskiya ne mun ga likitoci da shi, kuma a lokacin nan duk mai gardama a kan takunkumi kallon mai neman kashe mutane ake yi masa.

Mai duba kariyar ma'aikata yana zuwa, ya dube mu daga nesa, domin shi ma an ce kada ya matso, ya ga fuskokinmu a rufe, ya ɗaga mana babban yatsa ya wuce. Ban ce mugu ne ba. Abin da aka ce ya duba shi ne ko an rufe hanci da baki, kuma an rufe.

Ranka ya daɗe, da shuɗin nan kana jin warin maganin kamar ba ka sa komai ba. Kafin ka kai tsakiyar fili ya jiƙe da gumi da raɓar feshi, ya manne maka a leɓe. Idan na cire shi da yamma ina jin ɗaci a maƙogwaro har bayan isha'i, ko shayi na sha ɗacin yana nan. Wannan na tabbata da shi.

Da aka sassauta dokar, muka je muka nemi bakin jakinmu. Aka ce gwangwanayen sun wuce wa'adinsu, za a yi odar sababbi. Na tambaya sau da dama. Kullum amsar ita ce bayan gasa.

Na uku: yadda muka koyi haɗiye tari.

Ka tuna yadda tari ya zama a wancan lokacin. Mutum ya yi tari a bas sai duk a juyo a dube shi. A kai shi gwaji, manhajar korona da ke wayarsa ta canja launi, a killace ɗakinsu gaba ɗaya, mutum bakwai ko takwas su zauna suna kallonsa. Ba wanda yake so ya zama sanadin haka. Sai muka koyi dannewa. Mudi yakan cika aljihu da kanumfari yana taunawa. Ni nakan shiga banɗaki in buɗe famfo don kada a ji. Wannan ba umarnin kamfani ba ne, tsoro ne, kuma kowa a garin nan ya yi irinsa.

Duk da haka mun je asibitin kamfani, mu ukun, a lokuta daban-daban. Abin da ake yi iri ɗaya ne. A zura tsinken auduga a hanci, a jira sakamako, a ce babu korona, a ba ka maganin tari na kwalba, a ce yalla, koma aiki. Muna fitowa muna hamdala. Ni kaina na rubuta a littafina a wata rana irin wannan cewa Allah ya tsare ni. Cuta ɗaya kowa yake nema a lokacin, da likita da mu, in ba ita ba ce to lafiya lau. Ba wanda ya tambaye ni aikin da nake yi, ni ma ban ga dalilin faɗa ba.

Na huɗu: shekarar gasa.

Mutanen gida da suka ga korayen filayen nan a talabijin ba su san abin da aka yi kafin su zama haka ba. Irin ciyawar da ake so a buga wasa a kanta ta lokacin sanyi ce, ga shi kuma sai an shuka ta tun zafi bai tafi ba. Sai aka riƙa kunna na'urorin sanyaya fili ana hura wa ƙasa iska mai sanyi, har ciyawar ta ɗauka cewa lokacinta ya yi. Ga ruwan da ake zuba mata. Danshi da sanyi a ciki, zafi a waje, sai funfuna da tsutsa suka samu wurin zama. Feshi ya ƙaru sosai. A filin atisaye da muke kula da shi a wajen Nu'aija da sauƙi, domin a buɗe yake, iska tana kwashewa. A babban filin kuwa, wanda yake zagaye da kujeru har sama, hazon maganin ba ya tafiya ko'ina. Kana tura injin feshi, iskar na'ura tana dawo maka da shi fuska. Ka gama ka fito cikin zafi, ƙirjinka ya riƙe kamar an ɗaure shi da igiya.

Ba mu yi ƙorafi ba, gaskiya ma alfahari muke yi. Ƙasashen duniya za su taka abin da muka raina da hannunmu. Da Ghana ta fitar da Najeriya daga zuwa gasar, Issaka ya hana mu sakat. Ya zo fegi da jesinsa yana cewa, "Sakatare, rubuta a littafinka! Ku ku gyara ciyawa, mu mu taka. In kun yi ladabi zan roƙa muku a ba ku ɗaukar ruwa." Mudi ya ce masa, "Ɗan Kumasi, wasa uku za ku yi ku tattara, kada ka sayi katifa." Aka yi dariya, dariyar ta koma wa Issaka tari, ya dafa gwiwa ya daɗe bai miƙe ba.

A nan ne abin ya fara fito min fili. A wannan shekarar Mudi, wanda ba a taɓa canjawa ba, ya fara ɗaga hannu kafin hutun rabin lokaci yana neman a fitar da shi. Issaka ya koma tsayawa wuri ɗaya yana raba ƙwallo. Ni da aka ce huhu gare ni, wani dattijo mai tura kaya a filin jirgi, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya wuce ni da ƙwallo ina kallo, ƙafafuna suna so amma iskar ta ƙi shiga. Direbobinmu da masu gadi da masu yankan ciyawa suna nan yadda suke. Mu uku ne kawai. Na ce wataƙila shekaru ne, na shiga arba'in. Amma Mudi bai fi talatin ba.

Na biyar: Issaka.

A masallaci mutane suka fara lura. Issaka yana da jan murya a kiran salla, har Sudaniyawa na ɗayan ginin sukan yaba. Sai ya fara yankewa a tsakiya ya ja numfashi ya ƙarasa. Daga baya ya miƙa wa wani ladancin, ya ce mura ce ta ƙi sakinsa. Wata rana ya zauna a gefen fili da injin a hannunsa, ya kasa tashi. Aka kai shi asibitin kamfani, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Abin da aka gani a hoton ban sani ba, shi ma bai sani ba, ba a ba shi ba. Bayan 'yan kwanaki aka ce ya zo ofis da fasfo. Aka gaya masa bai dace da aikin ba, kafil, wato mai ɗaukar nauyinsa a ƙasar, ya soke zamansa. An biya shi haƙƙinsa, wannan ba na musu. Ba mu samu raka shi ba domin muna bakin aiki. Dattijon nan mai tura kaya shi ya gan shi a filin jirgin Hamad, ya ce min sai da ya ɗora shi a kan keken marasa lafiya, domin ya kasa kai ƙofar jirgi da ƙafarsa. Ya ce jesin ƙungiya ne a jikinsa.

Ghana ta zo, ta yi wasanninta. Issaka ya kalla a Kumasi, a kwance.

A can an ɗora shi a kan maganin tarin fuka na watanni, bai ji sauƙi ba. Daga baya likitan ya ce ba tarin fuka ba ne, ya tambaye shi me yake shaƙa a wurin aiki. Issaka bai sani ba. Ni ma ban sani ba. Jarkokin maganin feshin suna zuwa mana an riga an haɗa, da lamba a jiki, foman yana cewa yau ta biyu, gobe ta biyar. Issaka ya aiko min saƙon murya yana tambaya. Ranka ya daɗe, da ma ka ji saƙon nan. Kalma uku, sai shiru, sai ƙarar iska tana neman hanya, sai kalma biyu. A ƙarshe ya ce, "Sakatare, kai da kake rubuta komai, ba ka rubuta wannan ba?" Ban rubuta ba, domin ba a taɓa gaya mana ba. Yanzu ba ya aiko murya. 'Yarsa ce take rubuto min a madadinsa, takan fara da Baba yana gaishe ka.

Na shida: ni.

Na bar bugawa tun kafin gasa. 'Yan ƙungiya suka ba ni usur suka ce in riƙa alƙalanci, tunda ni ne mai son doka. Yanzu busar tashi, doguwar nan ta ƙarshe, ba na iya kai ta. Sai in busa gajeru in ɗaga hannu, suna yi min tsiya wai alƙali yana tsimin iska. Ina dariya tare da su. Hawa bene zuwa ɗakinmu sai na tsaya a tsakiya, in ciro waya in yi kamar ina duba saƙo. A salla, ayar da nake karantawa da numfashi ɗaya yanzu sai na raba ta. Idan na yi sujada wani lokaci ina jin kamar an ɗora min buhu a baya. Tarin busasshe ne, ba jini, ba zazzaɓi, ban rame sosai ba. Na faɗi wannan don kada in ƙara gishiri.

Bayan an tashi daga gasa, da aka fara rage ma'aikata, aka kai mu gwajin lafiya. An ɗauki hoton ƙirjina. Mai ɗaukar ya dubi na'urarsa, ya dube ni, ya ce in sake tsayawa ya ƙara ɗauka. Bai yi wa wanda ke gabana haka ba. Ban samu sakamako ba. Sai kiran ranar Laraba.

Hajara ba ta sani ba. Idan za mu yi waya nakan zauna in huta tukuna, in sha ruwan ɗumi, in bar ta ta yi yawancin maganar. Kwanan baya ta ce, "Malam, me ya sa kake magana kamar kana gudu?" Na ce mata layin ne. Muna da 'ya'ya huɗu, kuma mahaifiyata tana hannuna. Abin da yake firgita ni ba komawa gida ba ne, ina son gida. Abin da yake firgita ni shi ne in sauka a Kano da ƙirji irin na Issaka, a tambaye ni irin tambayar da aka yi masa, in ce lamba biyu da lamba biyar. A yi ta lalube a jikina wata da watanni, ana sayar da abin da na tara, yarana suna jin numfashina ta bayan labule.

Na bakwai: abin da ban sani ba.

Wataƙila ba feshin ba ne. Na yi ta juya wannan a raina. Garin nan akwai ƙura. Wataƙila korona ta kama mu ba a gane ba, ta bar mana tabo, an ce tana yin haka. Wataƙila shiga sanyi da fita zafi ne. Issaka ya taɓa shan taba yana saurayi, ya gaya min da bakinsa, ko da yake ni da Mudi ba mu taɓa ba. Wataƙila ma kiran Lahadi na sabunta kati ne, ni ne tsoro ya sa nake ganin abin da babu. In haka ne zan ji kunya a gaban duk wanda ya karanta wannan, kuma zan yi farin ciki da kunyar.

Na tambayi wani ɗalibi ɗan Najeriya da yake karatun digiri na biyu a nan, muna haɗuwa a masallacin Juma'a. Ya ce shi ma ba likita ba ne, ba zai iya ce min ga abin da ke damuna ba. Abin da ya iya faɗa shi ne shuɗin takunkumi an yi shi ne don tare yawu da majina, ba don tare tururin magani ba, kuma akwai likitoci na huhu musamman, masu na'urar da ake hurawa a auna. Ban taɓa ganin irin wannan likita ba. Ban ce kamfani ya cuce mu da gangan ba. Abin da nake gani shi ne doka ta zo a kan wata cuta, aka bi ta da tsoro har aka manta da dalilin da ya sa ake ba mai feshi nasa takunkumin daban. Amma mantuwar a ƙirjinmu ta sauka.

Abin da nake roƙo.

Na farko, kuma shi ne babba: kada a soke zamana, kada a yankar min tikiti, sai likitan huhu na babban asibiti ya duba ni, an gaya masa aikin da nake yi, ya faɗa min da bakinsa abin da ya gani, kuma an ba ni hotona da takardata a hannuna. Bayan nan in kamfani ya ce ba ya bukatata, zan tafi ba tare da hayaniya ba. Ba ina roƙon a riƙe ni har abada ba ne. Ina roƙon in san sunan abin da zan tafi da shi.

Na biyu, a yi wa Mudi haka nan. Bai san na rubuta wannan ba, kuma ya fi ni tsoro. Kada a hukunta shi a kan birona.

Na uku, a ba mu sunayen magungunan da ke cikin jarkokin, a rubuce, in aika wa 'yar Issaka ta kai wa likitansa. Ba na neman wannan don shari'a. Mutumin yana kwance.

Na huɗu, a buɗe kabad ɗin nan, a sayo gwangwanaye. Gasa ta wuce. Akwai sababbin mutum biyu da aka sa a feshi a watan nan, da shuɗin takarda a fuskarsu, kuma ɗayansu ya fara zuwa fegi yana neman a sa shi a tsakiya, wurin Issaka.

Ranka ya daɗe, na san kai ma ma'aikaci ne, akwai na sama da kai, kuma ba kai kake sa hannu a kan soke zama ba. Amma kai kake shiga ɗakin da ba ma shiga, kana jin yarensu kana jin namu. An ce min da aka so hana mu fegin shekarun baya, kai ka yi ta zarya har aka bar mana. Wancan tsakuwa ce kawai.

Gobe Juma'a. Kafin ka yanke hukunci a kan wasiƙar nan, ko ka ce sakatare ya cika zargi, ina roƙonka ka zo bayan asuba. Ka tsaya a bayan ragar gabas, inda aka ce nan kake tsarewa. Ba sai ka yi wa kowa magana ba, ba sai ka kalli ƙwallon ba ma. Ka jira Mudi ya yi gudu ɗaya ya iso kusa da kai, ka saurara. In ka tsaya har ƙarshe za ka ji busata.

Ranar Lahadi zan zo ofis da fasfo da kati kamar yadda aka umarce ni. Na wanke kayana na ninke su a kan gado, amma ban sa su a jaka ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare maka numfashinka da na 'ya'yanka, ya ba ka ikon faɗin gaskiya a inda ake jin maganarka. Allah ya ba Issaka sauƙi. In na yi kuskure a cikin abin da na rubuta, ko na yi maka rashin ladabi, ka yafe min, tsoro ne ya riƙe biron tare da ni.

Wassalam.

Naka cikin girmamawa,
Garba Tanimu,
Sashen kula da ciyawa,
Sakataren 'Yan Asuba.